Barci ma jari ne ga mai neman ƙarin girma

Yau za mu taɓo wata ɗabi'a da ba kasafai ake lissafa ta cikin abubuwan da ke ɗaga ma'aikaci ba, wato samun isasshen barci.

Idan ana maganar ci gaba a wurin aiki, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ƙaro karatu, sanin manya da zuwa ofis a kan lokaci. Duk suna da amfani. Sai dai akwai wani tunani da ya yi mana katutu a birane, wai wanda ya fi kowa hana idonsa barci shi ne jarumi. Ma'aikacin da ke zaune a Mararraba ko Suleja yana aiki a cikin Abuja, ko na Agege da ke zuwa tsibirin Legas, yakan bar gida da an sallame sallar Asuba don gudun cunkoso, ya dawo bayan Isha'i. Ya ci tuwo, ya ɗauki waya, kafin ya ankara sha biyu ta gota. Awa huɗu ko biyar ya samu, gobe ma haka.

Likitocin barci sun yi ittifaƙi cewa baligi na buƙatar aƙalla awa 7 a kowane dare. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, nutsuwarsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda barasa ta kai masa ma'aunin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Wanda ya tashi biyar na asuba ya kai wannan matsayi da goma na dare, kuma wani a lokacin yana kan sitiyari. Haka nan a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40.

Me ya haɗa wannan da ƙarin girma? Oga ba ya ganin daren da ka raba. Abin da yake gani shi ne kuskuren lissafi a takarda, saƙon da aka manta ba a isar ba, gyangyaɗi a wurin taro, da saurin fushi da abokin aiki ko mai sayen kaya. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, don haka mai karatun jarrabawar ƙarin girma da ya kwana a zaune ya zubar da wani ɓangare na wahalarsa. Shugabanci kuwa ana ba wa wanda aka ga yana da haƙuri da sanyin kai, abubuwa biyu da rashin barci ke fara cinyewa.

Gyaran daga gida yake farawa. Tunda lokacin tashi ba ya canzuwa, sai a ƙirgo awa bakwai baya a tsayar da lokacin kwanciya. Mai tashi biyar, goma ta same shi a shimfiɗa. A ajiye waya nesa da gado rabin awa kafin nan, domin hirar WhatsApp da bidiyon TikTok ba su da ƙarshe. Goro, shayi, gahawa da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda kusan rabinsa ke nan a jiki bayan awa biyar, saboda haka a bar su tun kafin La'asar. Wanda ya samu sarari da rana ya yi ƙailula ta minti 20, kada ta zarce ta hana shi barcin dare.

Iyali ma suna da nasu. Uwargida ta yi ƙoƙarin a ci abincin dare da wuri, maganar kuɗin makaranta da ta haya a ajiye ta zuwa ranar hutu maimakon sha ɗaya na dare. Maigida kuma ya tuna cewa idan matarsa ma'aikaciya ce, ita ce ke riga kowa tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Kama mata shirin yara da dare taimako ne ga aikinta da lafiyarta.

Wanda ke munshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ko yake tashi a gajiye duk da ya kwanta da wuri, ya ga likita, domin matsalar na da alaƙa da hawan jini. Kada a sayi ƙwayar barci a kemis ba tare da likita ya rubuta ba.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sanya albarka a nemanmu. Sai mako mai zuwa.