WAI LABARIN RASHA NE! AMSA GA WASU 'YAN BOKONMU



Akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu 'yan bokonmu, kuma ba za mu bar ta ta wuce ba amsa. Wai littattafan nan da ke siffanta ƙasar da zalunci ya kai maƙura, irin su Gandun Dabbobi da 1984 na George Orwell, ba ruwan talakan Nijar da su. Wasu su ce tatsuniya ce, gara yaro ya yi lissafi. Wasu kuma, masu ganin sun fi kowa karatu, su ce ai da Rasha ta zamanin Stalin mutumin yake, mu ina ruwan biri da gada?

To, mun ji. Gaskiya ne da Stalin yake a Gandun Dabbobi, wanda ya fito a 1945. Har ma za mu ƙara musu da abin da ba su faɗa ba: gwamnatin Ingila ta biya kuɗi an juya littafin cikin harsuna da dama don yaƙar gurguzu, kuma 'yan leƙen asirin Amurka ne suka zuba kuɗi a majigin da aka yi da shi a 1954. Wato masu mulkin mallaka sun mai da shi sandarsu. Amma sanda ba ta san mai ita ba. Shin sun manta wane ne Orwell? Ɗan sandan mulkin mallaka ne a ƙasar Bama daga 1922 zuwa 1927. Ya ɗaure talakawa da hannunsa kafin ya ajiye kakin. Mutumin da ya san ɗanɗanon wannan aiki, in ya zauna siffanta azzalumi, ba sai ya je Masko neman samfuri ba.

Shi kuwa Bala Abdullahi Funtuwa, da ya mai da littafin Hausa a 1975, bai bar mana wurin ɓuya ba. Mai gandu ya zama Nomau, shugaban aladu ya zama Maitumbi, mai yi masa farfaganda ya zama Karambana, dokin nan mai aiki ba hutu ya zama Akawal. Dabbobi suka kori Nomau don ya cuce su. Kafin a jima ana ta gyara dokokin da aka rubuta a bango cikin dare, Karambana yana rantsuwa dama haka suke, Akawal kuwa da ƙarfinsa ya ƙare aka sayar da shi ga mahauta. Wane talaka ne tsakanin Gure da Gaya zai ji wannan ya ce bai gane kowa ba?

A cikin 1984, wanda ya fito a 1949, babban makamin gwamnati bai tsaya ga bulala ba. Sunan abu take juyawa. Gidan da ake ƙirƙira ƙarya ana kiransa Ma'aikatar Gaskiya, gidan azaba ana kiransa Ma'aikatar Ƙauna, tsohuwar jarida kuwa a sake rubuta ta don ta dace da maganar yau. Wannan ne fa 'yan bokonmu ke cewa baƙon abu. Bari mu tuna musu.

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Irin wannan aiki Nasara ke kira kwantar da ƙasa. Da abin ya yi wari har Faris, sai aka ce ai zafin rana ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu, Majalisar Faransa kuma ta ƙi kafa kwamitin bincike a 1900. A 1906 aka ce Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa ya ƙulla makirci, aka tuɓe shi aka kai shi Kodibuwa, gadon sarauta ya zauna ba sarki sai a 1923. Ga dokar nan ta indijena, wadda ta ba kumandan ikon jefa mutum kaso har kwana 15 da tarar dala 20, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Ga aikin tilas, da gardi ke zuwa ya kwashi majiya ƙarfi ana tsakar noma, a kai su gyaran hanya ko ɗaukar kaya a ka. A takarda sunansa hidima. Ba a soke waɗannan biyu ba sai a 1946. Kakanninmu da suka biya lanho da kuɗin ƙaro da na kanwa ba su karanta Orwell ba, amma da an karanta musu da sun ce yaron ya rage wasu abubuwa.

Sai mu zo inda maganar ta fi ɗaci, don a nan ne Nomau ya tafi Maitumbi ya hau. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka ce A'A. Faransa ta aiko sabon gwamna, Colombani, ana saura 'yan makonni, aka matsa wa sarakuna, aka cika ƙasa da barazana. Aka ce I ta ci kashi 78 cikin 100, alhali waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai 4 cikin 10 na masu rajista ba. A Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, kuma hannun 'yan ƙasa ne ya sa hannu a takardar. Aka sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya guda ta riƙe ƙasa shekara 14, sunanta kuwa jam'iyyar ci gaba. A Oktoba 1964 aka harbe 'yan Sawaba a bainar jama'a a Yamai don kowa ya gani ya shiga taitayinsa. Da soja suka karɓa a 15 ga Afrilu 1974 mutane suka yi guɗa. Ba a daɗe ba aka san ofishin nan na Kwardinasiyo da ke hannun Bonkano, har mutum ya riƙa duba bayansa kafin ya yi magana a gindin bishiyar ƙofar gidansa. Orwell sai da ya ƙago allon da ke kallon mutum cikin ɗakinsa. A nan ba a yi wannan ɗawainiya ba, ɗan rahoto ya fi allo arha.

Amma kada a ɗauka mun zama 'yan amshin shatan Orwell. Inda muka rabu da shi ke nan: ya gane cuta, ya yanke ƙauna daga magani. A ƙarshen 1984 an karya mutumin da ya yi tawaye har ya koma son wanda ya azabtar da shi, a ƙarshen Gandun Dabbobi kuwa ba a iya bambanta alade da mutum. Mu muna da wanda ya ba shi amsa, kuma namu ne na nan gabas. Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan Sawaba ne da ya wakilci Damagaram a majalisa. Ya yi gudun hijira shekara 14, ya dawo a 1974, gwamnatin Kunce ta ɗaure shi a 1976. A 1980 ya fito da littafinsa Sarraounia, labarin sarauniyar Aznan Lugu da ta tari rundunar Voulet a Afrilu 1899.

Mun sani Mamani ya ƙara gishiri, ai ƙagaggen labari ne, kuma mun sani an ci Lugu da yaƙi, sarauniya da mutanenta suka ja daji. Amma ƙashin bayan labarin ba ƙage ba ne. Wata uku bayan Lugu, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ta tsai da shi, a Ɗankori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojin da suke kora da bulala suka juya bindiga suka kashe shi da Chanoine, kaburburansu na nan a Maijirgi. Wannan shi ne abin da Orwell bai sa a lissafinsa ba: hannun da azzalumi ke dukan mutane da shi hannun aro ne.

Yau kowa na yi wa Sarauniya kirari, madalla. Amma a tuna, da Med Hondo ya tashi yin majigin littafin, a Burkina Faso ya yi shi, don ƙofar Nijar ta rufe masa. Majigin ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, yana kan hanyar Yamai karɓar kyautar Boubou Hama. Mai son sarauniyar da ke cikin littafi, to, ya tambayi abin da aka yi wa mai littafin.

Saboda haka muna kira ga malaman lakwal na Gure da ƙauyukanta: ku karanta wa yara Gandun Dabbobi da babbar murya, ku fassara musu Sarraounia baki da baki, da Hausa da Barbarci. Samari kuma su je wurin tsofaffin da suka ga ƙuri'ar 1958 da idonsu, su rubuta abin da suka faɗa da sunan gari da shekara, tun suna da rai. Wanda ya gama karanta wannan takarda ya miƙa wa na kusa da shi, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.