Takardar Koke daga Manoman Tsauni zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jahar Damagaram

Ranka ya daɗe,

Mu manoma da makiyayan karkarar Tsauni, maza da mata, mun kawo kukanmu gabanka a kan gawon da ke gonakinmu da sanin da muka gada game da shi.

Tun kaka da kakanni mun san gawo yakan zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi kore shar da rani, bisashe su kwanta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar mana taki. Sarkin Damagaram na dā, Tanimun, ya san haka, shi ya sa ya tsananta hukunci a kan mai sare shi. Amma da dokar gandun daji ta 1974 ta sa gawo cikin itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, da yawanmu suka riƙa tumɓuke tsiron tun yana ƙarami don gudun tara. Farin 1984 ya tarar da gonaki tsirara. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mu sake shuka sau biyu, sau uku. Matanmu suna yini a daji neman itacen girki. Wannan wuya ce ta mayar da mu ga abin da muka sani: mu bar tsiro biyu ko uku a kan kututturen kalgo da sabara, mu kewaye ɗan gawo da garma. Shi ne yanzu ake kira sassaben zamani.

A 2006 masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka farfaɗo a Magarya da Matamaye da Mirya sun kai kusan hekta miliyan 1. Baƙi sun yi ta zuwa, mun shimfiɗa musu tabarma, dattawanmu sun zaga da su gona gona. Abin da suka rubuta yana can cikin Faransanci da Ingilishi, ko shafi ɗaya bai dawo mana ba. Ashe saiwar gawo tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye cikin buhun takin zamani. A bakin wani ɗanmu ɗalibi muka ji wannan, da ya zo hutu.

Abin da ya fi ci mana rai, ranka ya daɗe, shi ne dokar da gwamnati ta zartar ranar 30 ga Yuli 2020, wadda ta ba manomi haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Har yau ba a tara mu an karanta mana ita da Hausa ba. Manomi yana tsaye gindin gawon da ya raina shekara ashirin, yana tsoron sare reshe guda, domin bai san iyakar abin da aka halatta masa ba.

Haka hasashen damina: yakan iso a makare, cikin lissafin da ba mu gane ba, kuma ba mai tambayar tsofaffinmu abin da suka gani a zuwan shamuwa da juyawar iska. Mai shukar da ta ƙone ba shi da iri na biyu. Gonakinmu ƙanana ne, bakuna da yawa, kuma kowa ya san inda rumbu marar hatsi yake tura mata da yara: a Oktoba 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hanyar Aljeriya, akasarinsu daga wannan yanki namu na Kance.

Sau biyu muna kai wannan kuka ta bakin masu garuruwanmu ga ofishin da abin ya shafa. Aka ce za a duba, damina ta zo ta wuce, shiru.

Muna roƙo ka ba da umarni a fassara dokar 2020 da Hausa, da boko da ajami, a karanta ta a kasuwanni da ƙofar masallatai. A riƙa sa hasashen damina a rediyon karkara tun kafin shuka, malamin gona da dattijon manomi suna zaune a shiri ɗaya. Duk mai binciken da ya ɗebi sani a gonakinmu kuma, a wajabta masa ya dawo ya gaya mana abin da ya samu.

Allah ya ja zamaninka. Muna jiran amsarka kafin ruwan shuka ya sauka.

Mu ne masu biyayya,
Manoma da makiyayan Tsauni