Faɗin Taya Ba Adon Mai Mota Kaɗai Ba Ne

Wani sabon yayi ya kama samarin Sakkwato masu hali. Yaro zai sayi Corolla, kafin ya canja mata baƙin mai ya riga ya kai ta an cire wilin da kamfani ya sa, an ɗaura mata manya masu walƙiya, tayoyin sun leƙo waje sun wuce madigadi. Da yamma sai ya bi titin Ahmadu Bello a hankali don a gani. In ka yi magana, amsar ɗaya ce: motata ce, kuɗina ne. To, malam, motarka ce, amma titin da kake hawa da ita na kowa ne.

Mu fara da lissafi, don da shi ake rufe bakin mai gardama. Corolla da yawa suna zuwa da taya 205/55 R16: faɗi milimita 205, kaurin gefe kashi 55 cikin ɗari na faɗin, wili inci 16. Tsayin tayar gaba ɗaya kusan milimita 632 ne, kuma da wannan tsayin aka saita agogon gudu da birki. Ka sa mata 245/45 R18, tsayi ya koma kusan 678. Agogo zai nuna maka 100 alhali kana kusan 107. In kuwa ka ce za ka riƙe tsayin, ka ɗauki 225/40 R18, to gefen taya ya sauko daga milimita 113 zuwa 90. Wannan gefen shi ne katifar da ke shanye rami. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau ko ta Illela ya san abin da nake nufi. Rami ɗaya ya isa ya kumbura tayar ko ya tsaga wilin, kuma kumburin taya a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ba ya jiran ka isa gida.

Mafi muni shi ne zoben ƙarfen da ake cusawa tsakanin wili da ƙafar mota don tayar ta ƙara fitowa. Yana ɗora wa boris nauyin da ba a ƙera shi don ɗauka ba, kuma in ba a canja kusoshin da dogaye ba, noti ya rage wurin kamawa. Tayar da ta fice a guje ba mai motar take nema ba. Mai Keke Napep take samu, ko yarinyar da ke tallan fura a bakin titi.

Na san abin da za a ce: ai faffaɗar taya ta fi kama ƙasa. Gaskiya ne, a busasshiyar kwalta mai kyau, in an zaɓe ta da ilimi. Ban ce a hana kowa taɓa motarsa ba. Abin da na ƙi shi ne a ce babu iyaka, kuma iyakar tana nan rubuce. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin: girman taya da iskar da ya kamata. A gefen tayar kuma akwai lambar nauyi. 91 na nufin kilo 615 kowace taya. Sau nawa mai saye ya tambayi wannan kafin ya tambayi farashi?

A Jamus, wanda ya canja wili sai ya riƙe takardar da ke nuna an amince da shi ga irin motarsa, in babu ya kai wa masu bincike irin su TÜV su duba a rubuta a takardun motar. Mu ma ba mu rasa hukumomi ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, akwai dokokin hanya na 2012, akwai jami'an VIO masu ba da shaidar lafiyar mota, kuma shigo da tayoyin gwanjo yana cikin jerin haramtattun kayan kwastan. An yi ƙoƙari wajen koya wa mutane karanta lambobi huɗun nan na mako da shekarar ƙera taya, har masu faci sun iya. Me zai hana a ƙara tambaya ta biyu: shin wannan tayar ta wannan motar ce? Ba ya buƙatar na'ura. Buɗe ƙofa ne da kallon ko tayar ta wuce madigadi, minti ɗaya.

Kwanan baya na tsaya shan iska wurin wani mai faci, sai ga saurayi da irin wannan mota, tayar gaba tana gurzar jikin motar duk lokacin da ya karya sitiyari, har robar ta fara nuna zare. Dattijon ya shafa wurin ya ce, "Yaro, wannan ba za ta kai ka Tambuwal ba." Saurayin ya yi dariya ya ce, "Baba, ƙara mata iska kawai." Ya ƙara masa, ya karɓi kuɗinsa. A kujerar baya akwai yara biyu da kayan makaranta.