Tufafi Ma Magana Suke Yi: Matsayin Mai Tsara Sutura a Wasan Kwaikwayo da Fim

Idan aka gama kallon fim, yabo yakan tafi ga jarumi da jaruma, wani lokaci kuma ga darakta ko mawaƙi. Da wuya ka ji an tambayi wanda ya zaɓi rigar da jarumin ya sa. Alhali tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki, tufafinsa sun riga sun gaya wa mai kallo ko shi wane ne: basarake ne ko talaka, malami ne ko ɗan tasha, mutumin jiya ne ko na yau. Ra'ayina shi ne tsara sutura ilimi ne mai zaman kansa, ya cancanci a ba shi ƙwararre, kuma mu ɗaliban harshe da al'ada muna cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan sana'a.

Da farko, mene ne aikin mai tsara sutura? Jama'a da yawa suna ɗaukar sa tela, amma ɗinki ƙarshen aikin ne. Yakan fara da karanta labarin gaba ɗaya, ya fitar da kowane ɗan wasa da yawan fitowarsa, da zamanin da labarin ya faru, da wurin, da yanayin gari. Daga nan sai bincike a littattafai da tsofaffin hotuna da gidajen tarihi da bakin dattawa. Sai ya zana kayan, ya zauna da darakta da mai ɗaukar hoto su daidaita launi, domin farin da ya cika haske da yadi mai ƙananan ratsi sukan ba kyamara wahala. Sannan ba a ɗaukar fim bi da bi. Fitowar da mai kallo zai gani cikin minti biyar, wataƙila an ɗauki rabinta yau, rabi bayan mako biyu, don haka dole karin hula da ɗaurin kallabi su kasance yadda aka bar su. Idan za a yaga riga a wurin faɗa, sai an tanadi irinta biyu ko uku. A dandamali kuwa, ana bukatar kayan da na kujerar baya zai gane, waɗanda kuma za a iya sauya su cikin hanzari a bayan labule.

Ƙasashen da suka yi nisa a harkar sun daɗe da ba aikin haƙƙinsa. A Amurka, an fara ba da lambar yabo ta Oscar a fannin sutura ga finafinan 1948, kuma Edith Head ita kaɗai ta ci guda 8. Bhanu Athaiya ce mutum ta farko daga Indiya da ta taɓa cin Oscar, a 1983, saboda suturar fim ɗin Gandhi, tare da John Mollo. Wanda ya kalli fim ɗin zai tuna yadda Gandhi ya fara da kwat na lauya a Afirka ta Kudu, ya ƙare da ɗan farin ƙyalle na talakan Indiya. Ko da an kashe sauti, wannan sauyin tufafi ya isa ya ba da labarin rayuwar mutumin.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Ruth E. Carter, baƙar fata 'yar Amurka. Wasan kwaikwayo ta karanta a makarantar Hampton, ta yi aikin dandamali, kafin ta shiga fim tare da Spike Lee a 1988. Ita ta tsara suturar Malcolm X na 1992 da Amistad na 1997. Da aka ba ta aikin Black Panther na 2018, labarin wata ƙasar Afirka da aka ƙaga, sai ta koma ga suturar ainihin mutanen Afirka: bargon Basoto na Lesoto, da zobban wuya na matan Ndebele, da jan kaya da duwatsun ado na Masai, da hular matan aure na Zulu, da shigar Buzaye. Aikin ya ba ta Oscar a 2019, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci a wannan fanni, ta kuma sake ci a 2023. Abin lura a nan, jarinta bincike ne, kuma abin da ta bincika yana ƙofar gidanmu.

To mu fa? Finafinan Hausa na bidiyo sun faro ne daga Turmin Danya a 1990, sun bunƙasa ƙwarai, amma sau da yawa ɗan wasa ne ke zuwa da kayansa daga gida, ko a aro a wurin aboki. Masu iya magana kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa za ka ga matar da aka ce ta kwana uku ba ta ɗora tukunya ba ta fito cikin sabon leshi, ko mai takaba da cikakkiyar kwalliya. Abin ya fi muni a labarin tarihi. Atamfa ba ta yaɗu a Afirka ta Yamma ba sai a ƙarni na 19, keken ɗinki ma a ƙarnin ya samu. Duk wanda ya ɗaura wa sarauniyar shekaru ɗari huɗu da suka wuce atamfa ya yi wa tarihi ƙarya, kuma yaron da ya kalla zai ɗauke ta gaskiya.

Ga mai nazarin harshe, sutura tamkar nahawu ce, tana da ƙa'idojin da ba a karya su. Rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne a fada. Ja da kore na dogarai ne. Alkyabba tana da masu ita. Akwai bambanci tsakanin riga saƙi da tsamiya da barage, tsakanin aska biyu da aska takwas, tsakanin dara da haɓar-kada da zanna-bukar. Haka abin yake ga agbada da aso-oke na Yarbawa, da jar hular masu sarauta a ƙasar Ibo. Kowane suna a cikin waɗannan kalma ce da ke neman ɓacewa daga bakin matasa, kuma fim yana iya raya ta fiye da ƙamus.

Wani zai ce ai kuɗi ne matsalar, tunda furodusan da ke fama da kuɗin mota da abinci ba zai iya ɗaukar ƙwararre ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai yawancin kurakuran da muke gani na rashin sani ne. Tsohuwar riga ta gwanjo da ta dace da talaka ta fi sabuwar shadda araha. Masaƙa da marina, irin na Ƙofar Mata da na Kura, suna nan suna neman ciniki. Kayan da aka ɗinka don fim ɗaya kuma ana iya adana su a ba da haya shekara da shekaru.

Saboda haka ina kira ga sassan koyar da harsuna da na wasan kwaikwayo su haɗa hannu wajen koyar da wannan fanni. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ya je ya tattara sunayen tufafi da ma'anoninsu tun masu sanin suna raye. Idan ƙungiyarmu za ta shirya wasa, a ware mutum guda a ce sutura aikinsa ce, a kuma rubuta sunansa a takardar shiri kusa da na darakta. Masu shirya finafinai su ma su nemi irin waɗannan ɗalibai, su biya su haƙƙinsu. Allah Ya sa mu gane, amin.