"Portend": Kalmar da ke Miƙo Gobe Gaban Mutum

Masu karanta sharhin jaridun Turanci sun saba cin karo da kalmar "portend" duk lokacin da marubuci ya hango wata masifa tafe. Tushenta harshen Latin ne, daga "portendere", kalma mai sassa biyu: "por", wato gaba, da "tendere", wato miƙawa. Ta shiga Turanci a ƙarni na 15. Hoton da ke cikinta shi ne a miƙo wa mutum abin da bai iso ba tukuna, ya gan shi tun yana nesa.

Rumawan da suka haifi kalmar ba su bar irin wannan alama a bakin masu hira ba. Idan tsawa ta faɗa kan wurin bautarsu, sai a kai rahoto majalisar dattawa, ta nemi fassarar malaman addininsu, sannan ta yanke matakin ɗauka. Aƙidar camfi ce, amma a tsarin akwai darasi: alama tana da mai karɓarta.

Hausa ta bambanta camfi da alama. Kukan mujiya a kan rufin gida camfi ne, kuma Musulunci ya hana dogaro da irinsa. Hadarin da ya haɗo gabas kuwa alama ce, domin akwai dalilin da ya haɗa shi da ruwan da zai biyo baya.

Kaduna tana ɗauke da alama ta gaskiya. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun raba mazauna garin: Musulmi suka fi tattaruwa a arewacin kogi, a Unguwar Sarki da Kawo da makamantansu, Kiristoci kuma a kudanci, a Sabon Tasha da Narayi. Yaron da ya tashi a gefen Masallacin Sultan Bello yana iya kammala sakandare ba tare da ya taɓa yin maƙwabci daga ɗaya ɓangaren ba. Wanda bai san mutum ba, duk abin da aka faɗa masa a kansa zai gaskata, kuma a nan jita-jita ke samun taki.

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta ɓaci. Zaman lafiyar yau bai isa ya sa a kau da ido ba. Masu gidajen haya da ke tambayar addinin ɗan haya, da masu tsara makarantu da rukunin gidajen gwamnati, su ne ya kamata su karɓi wannan rahoto tun rabuwar ba ta zama gado ba.