Kafin mu ce wa mai lamba 10 dole ya kawo kofi

Gero bai isa yanka ba, ba a ma buɗe ƙofofin lakwal ba, amma a wuraren shan shayi na Filinge an riga an raba kofin gasar makarantu na shekara mai zuwa. Kowace kwaleji a ƙasar Kurfai tana da yaron da take ji da shi, mai lamba 10, wanda ke tsakiya yana raba ƙwallo, da wasu biyu ko uku a gaba da ake jiran su karɓa su jefa a raga. Sunayensu na bakin kowa. Mai shayi ya san ƙafar da lamba 10 ke bugu da ita, mai faci ya san wanda ya fi gudu cikin ƴan gaba. Hukuncin da ake yankewa kuwa ɗaya ne: wannan karon babu uzuri, dole su kawo kofi.

Ni malamin firamare ne, shekara ashirin da ɗoriya ke nan da fitowata daga makarantar horon malamai, kuma yaran nan ta hannun irinmu suka bi kafin su shiga kwaleji. Don haka ina da bakin magana. Abin da nake son faɗa wa ƴan uwana malamai da iyayen yara shi ne, wannan “dole” da muke furtawa ita ce ke kashe wasan makaranta, ita ce kuma ke cutar da yaran da muke cewa muna alfahari da su.

Mu fara da ƙwallon kanta, kada a ce malam bai san wasa ba. Mai lamba 10 na ƙwarai yana aika ƙwallo ne inda abokinsa zai kai bayan taku biyar ko shida. Shi kuma na gaba dole ya san lokacin da zai ɓalle da gudu. In ya yi gaggawa ya yi satar fage, in ya yi jinkiri mai tsaron baya ya riga shi. Wannan fahimtar juna sai an yi watanni ana atisaye tare take samuwa. Balle a filayenmu na Dallol, inda rairayi ke riƙe ƙwallo ta ƙi gangarawa, in kuma an ɗaga ta sama a watan Disamba ko Janairu iskar hunturu ta yi gaba da ita. Ga shi kowace shekara ƙungiyar makaranta sabuwa take komawa. Ƴan ajin ƙarshe sun fita, wani ya bi yayyensa cin rani Najeriya ko Libiya, wani mahaifinsa ya tsayar da shi a gona ko wajen dabbobi. Sau da yawa lamba 10 zai dawo a watan Oktoba ya tarar wanda suka saba da shi ba ya nan. Mai adalci zai ce a wata ukun farko za su yi ta kuskure, sai bayan hutun Disamba ƙafafunsu za su fara sanin juna. Mu kuwa tun wasan farko muke son ƙwallo huɗu da nema.

To me ke faruwa idan gari ya ce dole, alhali ƙungiya ba ta nuna ba? Kowa ya san amsar, faɗa ne ba a son yi. Sai a nemo sojan haya. Wani ƙaton saurayi da ya bar makaranta shekara biyar da suka wuce, ko wanda bai taɓa zama kan benci ba, wanda ya yi suna a gasar unguwanni ta lokacin hutu. A aske masa gemu, a ɗauke shi hoto, a manna a katin ɗalibi, a buga hatimi. Ranar wasa ya shigo fili cikin rigar makarantar da bai san ƙofar ajinta ba. In ɗalibin gaske ne amma shekarunsa sun haura, sai a taɓa takardar haihuwa. Yaranmu da yawa a gida aka haife su, ba a yi musu rajista cikin lokaci ba, shi ya sa doka ta ba da damar alƙali ya yi musu takardar madadi don su sami zama jarrabawa. Jinƙai ne aka yi wa ɗan talaka. Wasu sun mayar da wannan jinƙai almakashin yanke shekaru. Mu malaman firamare da muka rubuta sunan yaro da hannunmu ranar da aka kawo shi aji ɗaya, mukan tsaya bakin fili mu ji an ce shekarunsa 15, alhali ƙaninsa ma ya haura haka.

Wa ke biyan kuɗin wannan wayo? Na farko shi ne yaron da ya yi shekara yana zuwa atisaye, wani ma da ƙafa ba takalmi, ranar wasa a ce ya zauna a gefe ya riƙe wa baƙo ruwa. Na biyu shi ne mai lamba 10 ɗin da muke yi wa kirari, domin an cire masa wanda ya saba da gudunsa an ba shi mutumin da jiya-jiya suka haɗu. In ƙwallo ta ɓace tsakaninsu, shi za a zaga, a ce ya lalace. Na uku shi ne ɗan shekara 14 na ɗaya ɓangaren, wanda zai yi karo da mai shekara 22. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, kuma in karaya ta yi muni sai an dangana da Yamai, tafiyar kusan kilomita 180, da kuɗin da uban yaron ba shi da su. Waɗanda suka yi tafi ba za a ga ko ɗaya ba a bakin asibiti.

Amma asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta tarbiyya. Ɗalibai ɗari uku ko huɗu suna tsaye bakin fili, dukansu sun san wane ba ɗan makarantarsu ba ne, sun kuma san da hatimin makaranta aka wanke shi. Washegari mu shiga aji mu ce musu satar amsa haramun ce, wanda aka kama za a kore shi. Da wane baki? Yaro ba ya jin abin da ka faɗa kamar yadda yake ganin abin da ka aikata. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Za a ce mini ai kowa na yi, in ba mu yi ba za a ci mu. To a ci mu mana. Wannan hujjar ta “kowa na yi” ta taɓa kai ƙasarmu ga jin kunya a idon duniya. A shekarar 2009, a gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Aljeriya, ƴan wasan Nijar sun kai matakin kusa da na ƙarshe, sun sami gurbin zuwa gasar duniya, sai aka kore su saboda batun shekaru, aka ba Malawi gurbin. A wannan shekarar ce FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, wadda ke nuna ko ƙashin yaro ya gama haɗewa. Kamaru ma ta ɗanɗana kuɗarta. Gab da shiga 2023, cikin yara 30 da ta tara, 21 suka faɗi wannan gwaji, a lokacin da Samuel Eto'o ke shugabancin hukumar ƙwallon ƙasar. Ƙaryar da ake farawa a filin kwaleji can take ƙarewa, gaban na'urar da ba ta san ɗan wane ba. Kuma hanyar gaskiya ba a rufe take ba. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar ƴan ƙasa da 17 ta Afirka a 2015, sannan a 2017 yaranmu suka je gasar duniya a Indiya, suka ci Koriya ta Arewa, suka tsallake zagayen farko kafin Gana ta fitar da su. An yi wannan ne a zamanin da ake duba ƙashi.

Ɓarna ta biyu da “dole” ke yi a cikin aji take. Yaron da ya isa a ba shi lamba 10 galibi ɗan ajin ƙarshe ne, wanda jarrabawar BEPC ke jiransa a ƙarshen shekara. Da gasa ta matso sai a fara fitar da shi daga darasin lissafi da na Faransanci, wai atisaye. Malamin da ya ce a bar yaro ya gama darasi sai a ce ba ya kishin makaranta. Wani ma a raɗa masa ya ɗan ɗaga wa yaron maki, tunda shi ke fitar da mu kunya. Ranar da aka kira sakamako ba a ji sunansa ba, waɗanda suka ɗaga shi a kafaɗa sun riga sun koma kan wani sabon yaro. Shi da uwarsa za a bari da abin.

A Amurka akwai irin tasu ƙwallon, wadda ake jifa da hannu, mutum ɗaya na jefawa wasu na cafewa, kuma a can ma kowace shekara a kan mai jifan da masu cafewar ake ɗora buri. Abin ya kai filin wasan jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Duk da wannan tarin kuɗi da jama'a, dokar wasannin jami'o'insu ta ce wanda zai buga sai ɗalibi mai cikakkiyar rajista, wanda makinsa bai faɗi ƙasa da ƙa'ida ba. Hukumar da ke kula da wasannin ita da kanta take faɗa musu cewa ƙasa da 2 cikin 100 ne za su sami shiga babbar gasar ƙwararru. In masu filin mutum dubu ɗari suna ce wa yaransu su riƙe littafi, mu masu turakun icce da igiya a maimakon raga me zai sa mu ce wa namu ya ajiye?

Na san sunan da za a kawo mini: Musa Ma'azu, wanda ya tashi daga Yamai ya buga a Beljiyam da Rasha da Faransa, yana kuma cikin ƴan Mena da suka kai Nijar gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. Allah ya ƙara masa daraja. Amma a ƙirga mini yaran da suka yi ƙwallo a zamaninsa a jihohinmu takwas, a faɗa mini nawa ne suka ci abinci da ita. Ko wanda ya yi sa'a ya shiga Sahel ko Olympic ko AS FAN, shekara nawa ƙafa ke yi tana ciyar da mutum? Rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya rufe littafin. Takardar BEPC kuwa ba ta targaɗe.

Kada iyayen da ke cewa a hana ƙwallo baki ɗaya su ɗauka ina bayansu. Ba na bayansu ko kaɗan. A jihar Tilaberi ɗaruruwan makarantu ne rashin tsaro ya rufe a ƴan shekarun nan, yara da yawa sun baro garuruwansu sun zo cikinmu ba su san kowa ba. A fili ne ɗan Bakurfaye da ɗan Bazabarme da ɗan Buzu da ɗan Bafillace ke kiran juna da suna, kowa na neman ɗan uwansa ya miƙo masa ƙwallo. Yaron da ya gaji da gudu da yamma barci yake yi da dare, ba ya zuwa inda ake sayar da tiramol. Saboda wasan yana da wannan daraja ne nake jin zafin yadda muke wulaƙanta shi.

Ga abin da ya kamata mu jira daga gare su a shekara mai zuwa. Daga mai lamba 10, ya ɗaga kai ya ga abokansa, ya daina yanka mutum uku don ƴan kallo su yi ihu, kuma sunansa ya fito ranar sakamako. Daga ƴan gaba, su koyi lokacin gudu, su koyi miƙa wa wanda ya fi su kyawun wuri, in sun ɓarar da ƙwallo su dawo su taya tsaro maimakon ɗaga hannu suna zargin wani. In sun yi haka aka ci su, sun biya mu.

Sauran nauyin a wuyanmu yake. Shugabannin makarantu su kafe sunayen ƴan wasa a allon sanarwa tun watan Nuwamba, kowa da ajinsa da lambar rajistarsa, kuma kafin kowane wasa ɓangarorin biyu su duba na juna. A tambayi malaman firamare, rajistocinmu na nan ba su ɓace ba. Atisaye ya zama bayan an tashi, ko ranakun da babu darasin yamma, kuma da zafin Afrilu da Mayu kada a sa yara gudu da tsakar rana. Yaron da makinsa ya faɗi a zauna da shi a taimake shi kafin ya koma fili. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye su sayi ƙwallo biyu ko uku, su ajiye randar ruwa da akwatin magani a bakin fili. Mai kuɗin da ke son a ambaci sunansa ranar kofi, ya sayi takalma ga yaran da ke zuwa daga ƙauye, ya daina biyan kuɗin motar ɗan haya. Iyaye kuma, ku riƙa tambayar ɗanku makin da ya samu a lissafi kamar yadda kuke tambayarsa ƙwallo nawa ya ci.

Duk malamin da aka kawo wa katin ƙarya ya sa hannu a bana, ya tuna ɗalibansa na kallonsa, ya mayar wa mai shi abinsa. Allah ya raya mana yaran nan, ya ba su sa'ar jarrabawa, in kofi rabonsu ne ya zo ta hanyar halal.