Waiwaye: Mamitu da makarantar da ta makara

A shekarar 1959 ne wasu likitoci biyu, mata da miji, Catherine da Reginald Hamlin, suka sauka a Addis Ababa. Gwamnatin Habasha ce ta ɗauke su aiki domin su kafa makarantar ungozoma. Sai dai abin da suka tarar a asibitin Gimbiya Tsehai ya sha gabansu: mata masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta huda wa mafitsara, ga jariri ya rasu, ga miji ya gudu, dangi kuma na toshe hanci. Suka duƙufa wajen ɗinki, har a 1974 suka buɗe asibiti na wannan lalura kaɗai, magani kyauta.

Cikin waɗanda aka kawo musu a 1962 akwai wata yarinya 'yar ƙauye, Mamitu Gashe. Ko baƙi ba ta sani ba. Da ta samu sauƙi sai ta ƙi tafiya. Ta fara da shara da gyaran gado, daga nan ta koma miƙa wa Reginald kayan aiki a ɗakin tiyata, tana kallo tana haddacewa. A kwana a tashi aka bar mata allura da zare. Mamitu ta zama gwanar ɗinkin yoyon fitsari, har likitoci masu digiri daga ƙasashe daban-daban suka riƙa tsayawa a gefenta suna koyo. Da takarda aka nema tun farko, da a bakin ƙofa za ta tsaya.

Amma ɗinki gyaran ɓarna ne. Hana ta aikin ungozoma ne, wadda za ta gane naƙuda ta tsaya tun da wuri, ta tura mace asibiti. Makarantar ungozomar da aka zo dominta sai a 2007 ta tsaya da ƙafarta. Tsarinta shi ne abin lura: daga karkara ake zaɓo 'yan mata, a koyar da su shekara huɗu, su koma yankinsu su yi aiki cikin mutanen da suka san iyayensu, suke jin yarensu.

Mu ma mun san wannan ciwo, duk wanda ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina shaida ne. Gwamnatocin jihohi su ware wa 'yan matan ƙauye gurbi a makarantun ungozoma, su ɗauki nauyinsu, kuma idan sun koma gida a biya su albashi a kan kari.